Wace Taya Ta Dace da Tsohuwar Motar Gudu a Hanyoyin Jos?

Duk wanda ya ɗauki ɗawainiyar farfaɗo da tsohuwar motar gudu mai ƙofa biyu a garin nan, ko Mercedes SL ce ta shekarun 1970, ko Datsun 240Z, ko Peugeot 504 Coupé, kuɗinsa a fenti da kujeru da inji suke ƙarewa. Taya ce ta ƙarshe a lissafi. Sai kuɗi sun yi ƙasa ake tunawa da ita, a tura yaro Dilimi ko Farin Gada a ce ya samo duk wadda ta shiga wili. Abin yana damuna, domin motar da aka kashe wa miliyoyi, wadda yawanci ba ta da na'urar hana birki kullewa kuma ba ta da jakar iska, tayar nan kaɗai ce tsakaninta da kwazazzabon Hawan Kibo.

Ra'ayina tun farko shi ne a riƙe tsayin tayar da aka ƙera motar da ita, a nemi sabuwa fil, a bar zancen faɗi. Amma hanyoyin cimma hakan sun bambanta a kuɗi da wahala, kuma akwai mutumin da kowacce ta fi dacewa da shi.

Kafin a kwatanta komai sai an iya karanta rubutun da ke bangon taya. Ɗauki Mercedes 450SL, ƙirar R107 da aka yi daga 1971 zuwa 1989. Ta fito da taya 205/70 VR14. Lambar farko faɗi ne, milimita 205. Ta biyu tana nufin tsayin bangon kashi 70 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 143 da rabi. Inci 14 girman wili ne. In ka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya milimita 643 ne. Wannan adadi shi ne abin kiyayewa, domin da shi aka auna maleji, da shi aka auna giya, da shi kuma aka auna tazarar cikin motar da ƙasa. Harafin V na gudu ne: S tana ɗaukar kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240, W 270. Datsun 240Z da Peugeot 504 Coupé kuwa da taya mai faɗin 175 a wili inci 14 suka fito, ba a rubuta lambar tsakiya ba, kuma duk inda ka ga haka to kimanin kashi 80 ake nufi.

Zaɓi na farko, wanda ya fi kwanta mini, shi ne tayar asali da kamfanoni suka dawo da bugawa. Michelin, wanda ya yi rajistar fasahar taya mai zaren kwance, radiyal, a 1946, har yau yana buga XAS da ya fitar a 1965, taya ta farko da zanen gefenta na ciki ya bambanta da na waje. Yana buga XWX, wadda aka yi wa manyan motocin gudu irin su Ferrari Daytona, ita ce kuma Mercedes ya riƙa sa wa SL. Pirelli yana buga Cinturato CN36 ta 1968, wadda masu Porsche 911 suka sani sarai. Kamfanin Vredestein na Holan yana da Sprint Classic, mai sauƙin kuɗi a kan waɗancan. Zanen na da ne, surar ta da ce, amma robar ta yau ce, don haka riƙonsu a jiƙaƙƙiyar kwalta ya fi na waɗanda iyayenmu suka tuƙa.

Wasu suna ɗauka don ado kawai ake sayen su. Ado yana ciki, tabbas, domin babu abin da ke cika madigadin SL kamar taya mai ƙiba da kafaɗa zagayayya. Amma ainihin dalilin yana ƙarƙashin motar. Ƙafafun tsofaffin motoci suna da laushi, jikin motar yana kishingiɗa sosai in an shiga kwana, kuma in ya kishingiɗa taya ma sai ta karkace. Injiniyoyin wancan zamani sun san haka, sai aka yi tayar da kafaɗa mai zagaye, ta yadda duk karkatar da ta yi, wurin da ke taɓa kwalta ba ya raguwa farat ɗaya, matsawa yake yi gefe a hankali. Tayar zamani mai faɗi kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, kafaɗarta mai kusurwa, an yi ta ne don motar da ƙafafunta ke riƙe ta a tsaye cak. Ka sa ta a tsohuwar mota, za ta riƙe ƙwarai har zuwa wani mataki, sannan jikin motar ya ɗaga ta kan kusurwar kafaɗarta, riƙon ya tafi lokaci guda. Mahayi ya san dokin da ke kwantar da kunne kafin ya yi tutsu ya fi aminci a kan wanda ba ya nuna alama. Haka tayar asali take: tana fara kuka, sitiyari ya yi sauƙi a hannunka, bayan motar ya ɗan motsa, ka ji, ka sassauta totur. Duk motocin nan uku, SL da 240Z da 504, da baya suke ja, kuma babu kwamfutar da za ta gyara maka kuskure, saboda haka wannan gargaɗin yana da daraja fiye da ƙarin riƙo.

Akwai kuma sitiyari. Datsun 240Z ba ta da fawa sitiyari, nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba. A kan siririyar tayarta da yatsu ake juya ta. Ka ƙara mata faɗi zuwa 215 ko 225, fakin a Terminus zai zama kokawa, kuma a kan hanyar da manyan motoci suka kwarzaɓe za ka ji tana bin sawunsu tana fizgar hannunka dama da hagu.

Matsalar wannan zaɓi biyu ce, kuma ba ƙanana ba ne. Ta farko kuɗi: XWX ɗaya takan kai kuɗin taya uku na gama-gari ko fiye, kafin a zo kan kuɗin jirgi da na kwastan. Ta biyu samuwa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina bugawa a Ikeja a 2008, tayar ƙananan motoci daga waje muke jiranta, kuma irin waɗannan ba a jibge su a shago, sai dai a yi oda daga Ingila ko Jamus ta hannun dila. In rami ya fasa maka ɗaya a hanyar Barkin Ladi, motar za ta zauna makonni. Wanda zai bi wannan hanya ya sayi biyar tashi ɗaya, kuma kafin ya biya ya sa a turo masa hoton lambar ranar bugawa ta kowacce. Wani abin lura kuma: takardar da Tarayyar Turai ke liƙa wa taya mai nuna darajar riƙonta a ruwa, daga A zuwa E, ba a tilasta ta a kan tayoyin da aka yi don motocin da aka yi wa rajista kafin Oktoban 1990 ba. In ka ga babu ita a jikin XAS ko CN36, ba alamar jabu ba ce.

Zaɓi na biyu shi ne tayar zamani ta gama-gari daga kamfani mai suna, a girman asali ko mafi kusa da shi. Ga masu 240Z da 504, 195/70 R14 tsayinta milimita 629 ne, na asalin kuma 636, bambancin kashi 1 ne kacal, maleji ba zai yi ƙarya ba. Ga mai SL, wannan girman ya gaza da milimita 14, wato cikin motar zai sauka da milimita 7. Ana iya zama da hakan. Amma 185/70 R14, wadda ta cika kasuwa, ta gaza da milimita 28, kusan kashi 4 da rabi, motar ta yi ƙasa, injin ya riƙa juyi fiye da kima a doguwar hanya, kuma tudun rage gudun unguwanni ya riƙa gaisawa da salansa. Wahalar inci 14 a yau ita ce kamfanoni sun mayar da shi girman ƙananan motocin cefane, don haka yawanci T za ka samu, H sai an tona.

A nan ne mutane ke cewa, ai dokar ƙasa kilomita 100 ta yarda da shi a babbar hanya, me zan yi da taya mai ɗaukar 240? Harafin ba gudu kaɗai yake aunawa ba. Tayar da aka gwada a 210 ko 240 an ɗaure cikinta da kyau, tana jure zafi, bangonta ba ya lanƙwasa barkatai in an taka birki da ƙarfi. SL ta haura tan ɗaya da rabi, da injin silinda takwas a kan ƙafafun gaba. Ka ɗauke ta daga Jos, inda muke sama da mita 1,200 daga teku, ka gangara ta Riyom da Hawan Kibo zuwa Akwanga da Keffi a watan Maris, za ka bar sanyin tsauni ka faɗa zafin da kwalta ke ƙuna, birki yana zuba nasa zafin cikin wili. Ban yarda a sauka ƙasa da H ba ga kowace daga cikin motocin nan. Ka kuma duba inda aka rubuta darajar jure zafi a bango, A ko B ko C. Ka nemi A, in ta gagara B, ka bar C. Lambar ɗaukar nauyi ita ma kada ta gaza wadda littafin motar ya faɗa. 91 tana nufin kilo 615 a kowace taya, 95 kuma 690.

Akwai tarko ɗaya a inci 14 da ya kamata kowa ya sani. Tayar da ta fi yawa a wannan girman a kasuwanninmu ta bas ce, irin ta Hiace, 185 R14C ko 195 R14C. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan ba ta jin rami, shekara biyar ba ka dawo ba." Gaskiya ya faɗa a kan rami. Sai dai harafin C da ke bayan lamba 14 ɗin na motar kaya ne. Bangonta ƙaƙƙarfa ne don ta ɗauki fasinja goma sha takwas da buhunan dankali, robarta mai tauri ce don ta daɗe, gudunta galibi 160 ko 170. A ƙarƙashin mota mara nauyi ba ta lotsawa ta kama ƙasa, tsalle take yi, kuma a ruwan sama santsinta abin tsoro ne. Ka gode masa, ka ce, "Malam, ta ƙaramar mota nake nema."

Zaɓi na uku shi ne ƙara girman wili, kuma a nan sai an raba magana biyu, domin ƙarin inci ɗaya daban, ƙarin inci uku daban.

Ga mai SL, inci 15 hanya ce da Mercedes da kansa ya bi: daga ƙarshen 1985 ya koma 205/65 R15 a wannan ƙirar. Tsayinta milimita 647 da rabi, bambancinta da ta asali bai kai kashi 1 ba, bangon kuma milimita 133, ya rage da 10 kawai. Abin da ya sa nake son wannan hanya shi ne girman nan shi ne na Toyota Camry da yawa da suka cika titunanmu, saboda haka Michelin, Bridgestone, Continental, Yokohama, duk ana samun su sababbi a H ko V, a Jos ko Abuja, ba tare da jiran jirgi ba. In ɗaya ta fashe da safe, da yamma ka sami 'yar'uwarta. Sai dai ka nemi wilin Mercedes na wancan zamani, kuma ka sa makaniki ya auna tsawon kusoshin, domin kowane wilin Mercedes da tsawon nasa. Kusa mai tsawo takan taɓa birkin hannu a baya, gajera kuma ba ta kama zare yadda ya kamata.

Inci 16 da 17 kuwa su ne ƙofar tayoyin gudu na zamani, irin su Michelin Pilot Sport da takwarorinsu, waɗanda da wuya a same su ƙasa da haka. Ba na musun ingancinsu. A busasshiyar kwalta sumul kamar hanyar filin jirgin Abuja, birkinsu da riƙonsu sun wuce duk abin da aka sani a 1975. Amma dubi abin da ake bayarwa a madadin haka. Bangon 225/50 R16 milimita 112 da rabi ne, na 225/45 R17 kuma 101. Ka zubar da milimita 31 ko 42 na matashin iska da ke tsakanin wili da bakin rami. Dukan da taya ta daina shanyewa yana tafiya ne kan shokzoba da bushin da boris da suka haura shekara arba'in, waɗanda wasunsu sai an yi oda. Riƙon da ya yi yawa shi ma nauyi ne a kan ƙarfen da ba a auna shi da shi ba. Peugeot 504 Coupé mai silinda shida ta ci gasar Safari ta Kenya a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas, kuma abin da ya ba dangin 504 suna a Afirka, har aka riƙa haɗa ta a Kaduna, shi ne doguwar ƙafa mai laushi da taya mai tsayi. Duk sanda na ga an danne irin wannan mota a kan siririn bango sai in ji ba daɗi. Wanda ya nace sai inci 16 a SL, 215/55 R16 ce ta yi daidai da tsayin asali, milimita 643, kuma ya tabbatar ba ta gogar madigadi in an ƙure sitiyari.

Ruwa ma yana da ta cewa. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan yana zuwa da ƙarfi, wani lokaci da ƙanƙara, kuma yana kwanciya a sawun manyan motoci. Taya mai faɗi sai ta ture ruwa mai yawa kafin ta taɓa kwalta, in kuma motar ba ta da nauyin danne ta, sai ta hau kan ruwan, sitiyari ya zama ba ya juya komai. Siririyar taya yanka ruwan take yi. A kan 240Z, wannan kaɗai ya isa dalilin tsayawa a 175 zuwa 195.

Tayoyin filin tsere masu ɗan zane, irin su Toyo R888R da Yokohama A052, ba zan daɗe a kansu ba. Zanensu ba zurfi, suna son zafi kafin su kama, suna cinyewa da wuri, kuma ruwan da ya kwanta abokin gabarsu ne. Sai dai ga wanda yake da wili na biyu da filin da aka killace.

Abin da ya rage ya shafi duk zaɓin da ka yi, kuma ya fi sunan kamfani muhimmanci: shekarun tayar. A bango akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 na 2022. In lamba uku ka gani, an buga ta kafin 2000, kuma irin wannan na sha gani a but ɗin tsofaffin motoci a matsayin safaya, zanenta cike, ana alfahari da ita. Roba tana bushewa ko ba a taka ta ba. Michelin ya ce a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma komai kyanta, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙasa kuwa shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Motar da ake fitowa da ita ranar Lahadi kawai ba za ta taɓa cinye zanenta zuwa milimita 1.6 ba, tsufa ne zai kashe tayar. Don haka alƙawarin daɗewa ba shi da amfani gare ka. Ka zaɓi roba mai laushi da riƙo.

Wannan ne ya sa Beljiyam ba ta cikin lissafina, ko da Pirelli aka rubuta a jikinta. Dokar kwastan ta haramta shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, waɗanda ke shigowa kuma akan cusa wata cikin wata don a rage wuri, wayar bakinsu ta lanƙwashe. Da yawansu na ƙanƙarar Turai ne, masu hoton tsauni da ƙwayar ƙanƙara a bango, an yi su don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Kada sanyin Disamba na Jos ya ruɗi kowa, da azahar kwaltarmu zafi take yi, robar ta yi lugub. Sabuwar taya mai matsakaicin suna wadda aka buga bara ta fi shahararriya mai shekara tara.

Masu MGB ko Jaguar E-Type da wilin waya su tuna dole sai da tib a ciki, domin iska na bin ramukan wayoyin, kuma ba a sa tib a tayar da lambar tsakiyarta ta gaza 70. Wanda kuma ya tarar da lamba irin 390 a inda inci ya kamata ya kasance, wilin TRX ne na Michelin, da milimita aka auna shi, babu tayar inci da za ta zauna a kansa lafiya, kada mai faci ya ce zai danna ta.

In motarka ta nuni ce da yawon Rayfield zuwa Lamingo, kuma aljihu zai ɗauka, sayi XWX ko XAS ko CN36 guda biyar; Vredestein in kana son rangwame ba tare da ka bar surar asali ba. In kana hawa da ita Abuja da gaske, SL ce, koma inci 15 da 205/65 a V ko H. In 240Z ce ko 504, zauna a inci 14, ka ba dila lokaci ya samo maka 195/70 mai H. In kuɗin biyu kawai gare ka a yanzu, sababbin a baya za su zauna, domin bayan da ya kuɓuce ya fi gaban da ya zarce wuyar kamowa.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a kai da kanka. A canza bawul, a yi balansin, a yi alaimen bayan an duba bushin. Iskar da kamfani ya rubuta za a sa, a Mercedes tana jikin murfin tankin mai, ba 45 ko 50 da mai faci ya saba bugawa bas ba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗumama, da gejinka na kanka. Kilomita ɗari biyu ko uku na farko ka bi a hankali har santsin masana'anta ya goge, sannan a sake ɗaure kusoshin. In motar za ta yi wata ba ta motsa ba, ƙara mata iska kaɗan, ka riƙa tura ta gaba ko baya don kada wuri ɗaya ya lotse, ka kuma raba ta da rana da janareta da jarkar fetur, domin dukkansu suna tsattsaga roba.